Baƙar Wayar Ɗan'azumi

Sabuwa tana cikin wata na biyu na takabar mijinta, Malam Ja'afaru, rediyonsa ya daina magana. Ƙaramin rediyo ne baƙi, wanda marigayin ya ɗaure bayansa da robar tayar keke, kuma tun ranar da aka kai shi makwancinsa ba ta taɓa abin murɗa tasha ba, tana tsoron kada ta ɓatar da inda ya bar shi. Da safe ta kunna ta ji karatu, in an shafa addu'a ta kashe. Ran nan ta kunna, shiru. Ta sa sababbin batura, shiru. Ba ta gaya wa kowa ba, don a ganinta mace mai takaba ba ta da bakin kukan rediyo. Adama ce, matar maƙwabcinsu, ta shigo aron taɓarya ta gan shi kife a kan tabarma, ta ɗauka ta sa a cikin mayafi ta tafi da shi.

Washegari ta dawo da shi yana magana. Mijinta ne ya gyara, Ɗan'azumi mai wayarin mota. Da Sabuwa ta duba gilashin da allurar tasha take bi, sai ta ga an ɗiga jan fenti ɗan mitsitsi daidai inda allurar ta tsaya. Adama ta ce wai ya ce ko da jika ya zo ya murɗa, ta dawo da allurar kan ɗigon, za ta sami tashar Malam. Sabuwa ba ta taɓa gaya wa kowa wannan tsoron nata ba. Da ta aika masa da godiya, ya ce a gaya mata waya ɗaya ce ta tsinke, abin bai kai a yi godiya ba.

Katangar ƙasa ɗaya ce ta raba gidajensu a Ikara, kuma shekara talatin da wani abu Sabuwa tana jin rayuwar Ɗan'azumi ta bayan katangar nan fiye da yadda take ganinta. Ta san tarinsa na safe. Ta san ƙarar akwatin kayan aikinsa in ya ɗora a kan keke. Mutumin Paki ne, an haife shi cikin azumi, ubansa manomi. Yana matashi aka kai shi Zariya koyon aiki wurin wani mai wayarin, ya shekara bakwai yana miƙa filaya kafin a bar shi ya taɓa batir. Da ya dawo bai koma Paki ba, ya kafa benci a gindin wata bishiyar bedi kusa da tasha. Kayan aikin ba yawa: filaya, sukudireba biyu, tef, da wani ɗan ƙwan fitila mai waya biyu da yake gwada wuta da shi. Direbobin bas na hanyar Makarfi da Kudan sukan ce in ƙwan Ɗan'azumi bai kama ba, to ba wuta a wurin, ko wa ya zo. Shi ba mai yawan magana ba ne. In an kawo masa mota yakan tsaya ya saurare ta tukuna, kansa a karkace, kamar mai jin ƙorafin tsohuwa.

Sai zamani ya juya masa baya a hankali. Aka fara shigo da motoci masu ƙwaƙwalwa, waɗanda sai an jona musu na'ura take faɗin ciwonsu, yaran da suka iya na'urar kuwa suna Zariya. Aka bar masa tsofaffin bas da a-kori-kura, su ma kullum raguwa suke. Idonsa ya fara hazo, har sai ya kai waya dab da hanci kafin ya raba ja da ruwan ƙasa. Sabuwa ta lura akwatin da a da yake fita kafin rana ta ɗaga, yanzu sai hantsi, wani lokacin ma ya dawo kafin azahar. Bai taɓa yin ƙorafi ta ji ba. In Adama ta tambaye shi kasuwa, ya ce alhamdu lillahi, ya nemi ruwan wanke hannu.

'Ya'yansu biyar, huɗu mata duk sun yi aure. Na biyar, Hamisu, shi ne namiji, ɗan acaɓa ne, mai surutu da dariya, irin wanda tun daga bakin layi ake sanin ya dawo. Yana da shekara ashirin da huɗu wata motar rake ta buge shi a hanyar Makarfi. Wata uku suka yi a asibiti a Zariya. Aka dawo da shi a kan keken guragu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai.

Makon farko zauren gidan bai ɗauki mutane ba, babura har ƙofar Sabuwa. Wata na biyu suka ragu. Kafin shekara ta zagayo sai a yi kwana goma ba wanda ya leƙo, ba don mugunta ba, kowa yana neman abin kai wa baki, kuma zama da wanda ba ya amsa magana akwai nauyi. Don Hamisu ya daina magana. Da safe a turo shi zaure, ya juya keken ya fuskanci bango, haka zai wuni. Adama ta gaya wa Sabuwa, tana share ido da bakin zane, cewa tuwon da ta kai masa shi take ɗaukowa, loma biyu ko uku. Sabuwa ta sa shi cikin addu'a bayan kowace salla. Amma ta san, kamar yadda uwar ta sani, yaron yana tafiya ne a zaune, kuma in ba a sami abin da zai juyo da fuskarsa daga bangon nan ba, ba zai daɗe ba.

Ana haka Ɗan'azumi ya fara tara tarkace. Wata tsohuwar kwamfuta da wani ofis ya yar, da allonta. Katakon fulawud da Mamuda kafinta ya yanka masa. Maɓallan hon na motoci guda takwas. Rediyon mota da ya ciro daga wata bas da ta mutu, da sifiku biyu na ƙofarta. Adama ta ce wai akwatin gem zai haɗa, irin wanda ya taɓa gani a wani shago a Zariya, samari suna tsaye suna buga ƙwallo a allo. Shi nasa ya sa Mamuda ya gajarta shi, ya bar rami a ƙasa inda gwiwoyin mai keke za su shiga. Wani mai shagon waya ya zuba masa wasannin a kwamfutar.

Abin bai kwanta wa Sabuwa ba da farko. A ranta ta ce mutum mai furfura, maimakon ya kira malamai su yi wa yaro tofi, ya tsaya haɗa kayan shagala. Ba ta faɗa ba. Amma da Adama ta tambaye shi, a gabanta, me ya sa sai lalle rediyon mota, tun da allon yana nuna hoto, amsar da ya bayar ta zauna mata. Ya ce hoto na wanda ke cikin ɗaki ne. Shi so yake in an ci ƙwallo a ji ihun har mahaɗar da 'yan acaɓa suke tsayawa, don wanda ya ji zai leƙo.

Jona rediyon mota kuwa ba baƙon aiki ba ne a wurinsa, ya yi ya fi sau ɗari. Waya uku ce ke ba shi wuta. Rawaya tana zuwa batir, ja tana zuwa makulli, baƙa kuma a ɗaure ta da noti a jikin bodin mota, don ta bodin ne wutar take komawa gida. A akwatin gem ba batir ba makulli, sai ya haɗa rawaya da ja ya kai su wurin da kwamfutar take fitar da wuta daidai ta batir. Baƙar kuma, hannunsa da kansa ya nemi ƙarfe mafi kusa, ya sami wani ɗan ƙarfen kusurwa da Mamuda ya riƙe katako da shi, ya kankare fentin kamar yadda ya saba, ya ɗaure tam. Aka kawo wuta, ya kunna. Allo ya kama, rediyo shiru.

Kwana uku yana fama. Sabuwa ta shiga kai wa Adama kuka da daddawa a rana ta uku, ta tarar da shi durƙushe a zaure, rabin jikinsa cikin akwatin, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya canza fis, ya kwance rediyon ya mayar, ya zargi sifiku, ya zargi idonsa. Hamisu yana gefe, fuskarsa a bango kamar kullum. Ta gaishe su, uban ya amsa daga cikin akwati. Har ta ɗaga labulen shiga cikin gida, sai ta ji wata murya a dushe, wadda ta kusa mantawa.

"Baba, baƙar a ina ka ɗaure ta?"

"A bodi mana," in ji Ɗan'azumi, bai ko ɗago ba.

"Wane bodin? Katako ne fa."

Ɗan'azumi ya fito da kansa a hankali. Ya dubi ɗan ƙarfen, wanda bai jonu da komai ba sai fulawud, ya dubi ɗansa da ya juyo da keken rabi. Ya zauna dirshan a ƙasa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya yi wata 'yar dariya ta gajiya. Ya ce shekara talatin da biyar yana wannan aiki, yau ɗan acaɓa ya koya masa. Hamisu ya ce ai ko babur ma an san wannan. Adama tana bayan labule, ta kama hannun Sabuwa ta matse har ya yi mata zafi.

Ya mayar da baƙar wayar cikin baƙaƙen wayoyin kwamfutar, rediyo ya kama. Sai dai ya zo da wata ƙara a ƙarƙashin sautin, zuuu, kamar an rufe zuma a tulu, in an ƙara murya ita ma ta ƙaru. Wannan da sauƙi. Farantin ƙarfen da aka jera maɓallan a kai shi ne matsalar. Abokin Hamisu na farko da ya leƙo, Uwaisu, ya zo ba takalmi, hannunsa da gumi, yana ɗora shi a kan farantin ya fizge ya yi baya.

"Baba Ɗan'azumi, wannan gem ne ko kunama?"

Uwaisu ya yi dariya, amma bai sake taɓawa ba, kuma kafin la'asar labari ya kai mahaɗa cewa akwatin Hamisu yana cizo. Ɗan'azumi ya cire soket ya hana kowa kunnawa. Tsoronsa ba na Uwaisu ba ne. Ɗansa yana zaune a kan keken ƙarfe, kuma ƙafafunsa ko wuta ta bi ta cikinsu ba zai sani ba.

Ɗan'azumi ya gane ciwon. Wayarin gidansu, kamar na yawancin gidajen layin, waya biyu ce, ba ta ukun da ke kai ragowar wuta ƙasa. Ragowar sai ta taru a jikin kwamfutar da farantin, tana jiran hannu. Ya samo rodi mai tsawon mutum, ya haƙa rami a tsakar gidansa, ya zuba gawayi da gishiri kamar yadda masu wayarin gida suke yi, ya buga rodin, ya ja waya daga jikin kwamfutar da farantin da rediyon duka ya ɗaure a kansa. Damina ce lokacin, ƙasa a jiƙe. Ƙarar zumar ta ɗauke, cizon ya tafi.

Wata huɗu zauren nan ya rayu. Sabuwa tana tsakar gidanta tana tsince shinkafa, sai ta ji ihun filin ƙwallo ya tsallako katanga, bayansa ihun samari na gaske, a cikinsu har da muryar Hamisu yana ce wa wani ya je ya koyo tukuna. Ya zama gwanin da ba a iya ci. In an kira salla Ɗan'azumi ko Hamisu ya kashe, su yi jam'i a nan zauren, wannan ya sa ta daina jin nauyin abin a ranta. Adama ta ce yanzu Hamisu har ƙarin tuwo yake nema.

Da ruwa ya ɗauke, rani ya shiga sosai, zumar ta dawo. Tsakar gidan Ɗan'azumi marmara ce, in ta bushe kamar dutse take, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta. Ya riƙa zuba bokiti a gindin rodin da safe, kafin azahar wurin ya bushe ƙayau. Rijiyarsu ta ƙafe, ruwan sha ma sai an saya a jarka. Ran da farantin ya sake taɓa wani, ya cire soket. Kwana tara ba a kunna ba. A rana ta huɗu babura suka daina tsayawa. A ta bakwai Adama ta ce Hamisu ya koma kallon bango.

Ɗan'azumi ne ya lura da gindin katanga. Ta wajensa, wuri ɗaya kamar faɗin faifai, ƙasar ta yi duhu, har da ɗan gansakuka, alhali ko'ina fari fat. Ya tambayi Adama me ke bayan wurin. Ta ce nan ne Yaya Sabuwa take alwala. Tun tana amarya a nan take tsugunawa, a kan wani faffaɗan dutse da Malam Ja'afaru ya ajiye mata kusa da kafar ruwa, sau biyar a rana, wani lokacin fiye, shekara kusan arba'in. Ƙasar wurin ba ta san rani ba.

Bai zo da kansa ba sai da ya turo Adama sau biyu. Sannan ya yi sallama a ƙofar gida, ya tsaya daga zaure, suka gaisa, ya tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa marigayi addu'a, kafin ya faɗi abin da ya kawo shi: so yake ya buga rodin a wurin alwalarta. Ta ce ita tambayarta ɗaya ce, ba zai kama ta ba tana alwala? Ya ce rodin zai nutse ƙasa gaba ɗaya, zai rufe kansa da bututun roba ya binne, kuma abin da zai bi ta wayar ɗan kaɗan ne, ƙasa mai laima tana shanye shi kafin ya je ko'ina. Ya ce da yana da shakka ko ƙwayar gero, da bai tako ba. Ta tuna jan ɗigon nan a gilashin rediyo. Ta ce ya shigo.

Ya wuni yana aikin. Ta ga yadda yake ɗaga guduma sau biyar ya tsaya ya dafa katanga yana haki, ta ga wuyansa ya rame. Ta aika masa da kunun tsamiya, ya sha rabi. Ya zura wayar ta kafar ruwa zuwa gidansa, ya mayar da dutsenta daidai inda yake, har ya juya shi yadda gefen da ya lotsa zai fuskanci gabas kamar da. Bayan la'asar ta ji an kunna. Ta kasa kunne ta nemi zumar, babu. Can sai ihun ƙwallo, ba a daɗe ba ta ji babur ya tsaya.

Rani biyu akwatin ya ratsa lafiya. Ɗan'azumi bai ga na uku ba. Ciwon ƙirji ne, ya daɗe yana ɓoye shi, aka kai shi Zariya ya kwana goma sha ɗaya, aka dawo da shi a motar da shi ya yi mata wayarin. Benci yana nan a gindin bedi, masu sayar da rake suna zama a kai. Ɗan ƙwan gwajin yana wurin Hamisu, wanda yanzu in maɓalli ya mutu shi yake kwancewa ya gyara, wani lokacin ma a kawo masa caja ko tocila. Ba wani abin kirki yake samu ba, kuma akwai ranakun da yake tashi ba ya son ganin kowa. Amma da la'asar ana jin ƙwallo.

Bara Zubaida, 'yar Sabuwa da ke aure a Kudan, ta zo ta ga uwar tana dafa bango tana ratsa tsakar gida da buta, gwiwoyi sun ƙi. Ta kira magini ya yi mata wurin alwala na siminti a ƙofar ɗaki, da ɗan kujera da bututun da ke fitar da ruwa waje. Wuri mai kyau. Sabuwa ta sa mata albarka, tana wanke kwanuka a wurin. Da lokacin salla ya yi ta ɗauki buta ta nufi gindin katanga. Zubaida ta yi faɗa, ta ce Inna ba ta son hutu, ta ce in don ruwan ne a sa wani ya riƙa zubawa mana. Sabuwa ta ce wani yakan manta, salla kuwa ba a mantawa da ita.

Abin da ba ta gaya wa Zubaida ba ya faru ne ranar da za a tafi da Ɗan'azumi asibiti, da hantsi, mota tana jira a bakin layi. Ya ce a dakata, ya dafa kafaɗar Adama ya tako har zaurenta. Bai iya tsayuwa ba, ya zauna a dakali. Ta gaishe shi daga bayan ƙofa, ta ce Allah ya sa kaffara ne. Ya ce amin. Ya ce ya nuna wa Hamisu komai na cikin akwatin, wannan ba ya jin sa, abu ɗaya ne yaron ba zai iya daga kan keke ba. Ya numfasa, ya jira tarin ya wuce.

"Yaya Sabuwa, alfarma nake nema. In rani ya yi, ko ba na nan, kada ki canza wurin alwala."